Yadda ake gina garin ƙagaggen labari ba tare da ya rushe a tsakiyar littafi ba

Kafin ka naɗa sarki ko ka raɗa wa jaruma suna, fara sanin inda mutanen garin ke samun ruwa. Ɗauki takarda ka zana kogi, rijiyoyi, kasuwa da hanyoyi. Gari irin Garwa da ke bakin Binuwai a arewacin Kamaru yana da masunta da kwale-kwale. Irin Marwa kuwa, inda mayo, wato rafi, ke ƙafewa da rani har a riƙa tonon yashi ana ɗibar ruwa, zamansa daban ne. Daga ruwan nan abinci da sana'a da rigima suke fitowa. In ka ba garinka ƙasar karal, wato laka mai riƙe ruwa, akwai muskuwari ke nan, dawar rani: a dasa bayan ɗaukewar damina, a girbe wajen Fabrairu. Kada ka sa ana girbinta ruwan sama na zuba, manomi zai ajiye littafin.

Sai nisa, kuma nan aka fi faɗuwa. Mai tafiyar ƙasa da kaya yakan ci kilomita 25 zuwa 30 a yini, don haka tazara irin ta Garwa da Marwa, kimanin kilomita 200, mako guda ce. Rubuta kwanakin tafiya a kan taswirar, na rani daban, na damina daban, don kada manzo ya fita da hantsi ya dawo da amsa kafin la'asar.

Daga nan ka tsayar da harshe da kuɗi. Bahaushe a Marwa yana ciniki da Fillanci, takardar ofis da Faransanci, in ya haye gada daga Kuseri zuwa Injamena sai Larabcin Cadi, inda riyal ɗaya ke nufin sefa 5. Garin da kowa ke jin maganar kowa bai yi kama da gari ba. Yanke farashin abu uku tun farko, kwanon gero, akuya da sadaki, ka riƙa auna sauran da su.

Rikicin gona wa yake rabawa? Jauro mai unguwa, lawan da ke samansa, ko sai an kai gaban lamido? Tsayar da wannan ma.

In akwai aljanu ko tsafi, rubuta abin da ba sa iyawa da abin da suke karɓa a madadin aikinsu. Idan babu iyaka, mai karatu zai tambayi abin da ya hana boka gama matsalar tun babi na biyu.

Duk wannan a littafin ajiya daban yake zama, kana duba shi kafin kowane babi. Cikin labarin kuwa kada ka juye tarihin masarauta shafi uku, bar farashin gero ya fito a bakin mai cefane.