Yadda ake fita kamun giwan ruwa da ƙugiya a Yauri

Duk shekara idan ruwa ya kwanta, sababbin fuskoki sukan cika bakin kogin Yauri: ma'aikata daga Birnin Kebbi, 'yan kasuwa daga Jega, da samarin da suka sha kallon kamun kifi a YouTube, kowa rataye da sandar fatsa mai sheƙi. Da yamma kuma labari ɗaya suke dawowa da shi: "Wallahi ya ci, amma ya tsinke zaren." Da wuya giwan ruwa ya tsinke zare mai kyau da ƙarfinsa kaɗai. Kututturen itace da ke ƙarƙashin ruwa ne ke yanke zaren, kuma mai ƙugiyar ne ya ba kifin wannan damar tun sa'ad da ya zaɓi inda zai tsayar da jirgi. Ba zan tsaya koya wa kowa yadda ake soka tana ko riƙe filafili ba. Wanda bai iya waɗannan ba, ya fara da tarwaɗa a fadamar garinsu.

Fara da sanin lokaci

Ruwan Yauri yana bin dam ɗin Kainji ne tun da aka kammala shi a 1968, kuma cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa, na daminar nan kusa, wanda ke zuwa da laka tsakanin Agusta da Oktoba. Sai baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga Gini, ya ratsa fadamun Mali ya zubar da lakarsa a can, ya iso mana garau cikin hunturu. Giwan ruwa da ido yake farauta, don haka a cikin farin ruwa wahala kawai za ka sha. Ni ban yarda mutum ya fita nemansa kafin Nuwamba ba. Da bazara ma ana samu, idan tafki ya ja baya kifi ya taru a wurare masu zurfi, sai dai a ƙarshenta hadari kan taso ba sallama.

A cikin yini kuwa, daga sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Tsakar rana ta cin abinci ce da gyaran kaya.

Mutane kafin kaya

Kada ka sauka daga mota ka nufi ruwa kai tsaye. Nemi Sarkin Ruwa na mashigin da za ka shiga, ka gaishe shi yadda ya kamata: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, mun zo gwada sa'a da ƙugiya." Shi zai haɗa ka da matuƙi, kuma shi ya san inda aka shimfiɗa kalli (ragar kamun kifi) ko mamari (doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa), da inda aka ga dorina a 'yan kwanakin nan. Ka nemi dattijo cikin Sarkawa ko Gungawa, ba yaron da ya fi kowa gudu da inji ba. Tun a tudu ku gama magana a kan abu biyu: wa zai sayi mai, kuma kifin da aka kama na wa ne. Yawancin rigimar da ake yi da magariba a bakin ruwa daga nan take tasowa.

Jirgi da inji

Kwale-kwalen katako mai faɗin ciki ya fi siriri mai gudu, domin za ka yi kokawa da kifi a cikinsa. Mutum uku sun isa, har da matuƙi. Inji mai ƙarfin doki 15 ya wadatar, mai 40 shan mai kawai zai yi maka. Yawancin Yamaha da ake gani a nan irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai ne, kashi 50 da kashi 1, wato rabin lita a jarka mai lita 25. Idan an tayar, ka leƙa baya ka ga inji yana tsartar da ruwa. In ba ya yi, a kashe shi nan take, don ruwan da ke sanyaya shi ba ya zagayawa, sau da yawa leda ce ko ciyawa ta toshe kafar. Ka sa fulogi na ko-ta-kwana a aljihu, da filafili biyu, da gwangwala, da roba ta kwarfe ruwa.

Rigar kariya daga nutsewa kuma a jiki take, ba a ƙarƙashin benci ba. Mutanen wannan yanki ba su manta da jirgin da ya kife kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, a watan Mayun 2021 ba. Iya iyo ba ya hana komai idan kai ya bugu da katako.

Kayan kamu

Nan ne baƙi suke zubar da kuɗi a banza. Sanda mai injin naɗe zare tana da daɗi, amma masuntan da suka fi ka kama giwa zare suke naɗewa a jikin katako. In dai za ka sayi sanda, sayi gajera mai kauri, kuma injin ya ɗauki zare aƙalla mita 150. Kuɗin da za ka kashe wa kifin roba kala-kala, ka mayar da shi kan zare sabo. Araha ba ta ado: zaren da ya shekara a rataye a rana gaban shago ya riga ya mutu, ko da yana ƙyalli. Ja shi da hannu biyu kafin ka biya.

Babban zare ya kai kaurin milimita 0.50 zuwa 0.60. A gabansa ka ƙulla wani mai kauri, kamar milimita 1, tsawon gaba ɗaya. Dalili shi ne giwa ba shi da haƙoran yanka, amma gefen marfin kumatunsa yana da kaifi, kuma duk sa'ad da ya girgiza kai zaren a nan yake gogawa. Waya ba ta da amfani sai in tsage kake nema, shi ne mai haƙora. Ƙugiya guda ɗaya babba, wadda babban yatsanka zai shige tsakanin tsininta da jikinta. Kowane ƙulli ka jiƙa shi da yawu kafin ka matse, in ba haka ba zafin gogayya zai raunana shi. Dalma kaɗan, daidai wadda za ta riƙe abincin a ƙasa-ƙasa, sai ɗan toto ko ƙaramar gora a sama.

Abinci kuwa rayayyar karfasa ce mai girman tafin hannu. Ka saya wurin masu birgi da sassafe, ka zuba a jarkar da aka huhhuda, ka rataya ta cikin ruwa a gefen jirgi. A bokiti, kafin hantsi sun galabaita. Soka ƙugiyar a baya, kusa da ƙayar bayanta, sama da ƙashin tsakiya. Ka taɓa ƙashin, ta daina motsi, giwa kuma ba ya kula matacciya sosai.

Inda za ka tsaya, wato inda ake faɗuwa

Lokacin da ruwan Kainji ya cika, ya haɗiye itatuwa da tsofaffin garuruwa, kuma har yau kututturai suna nan a ƙasa. Giwa yana laɓewa a jikinsu da jikin duwatsu, a ɓangaren da ruwa bai da ƙarfi, yana jiran ƙananan kifi. Baƙo da zarar an nuna masa wurin sai ya ce a kai shi daidai kansa, har ma ya ɗaure jirgi a reshen da ya leƙo. Shi ke nan ya gama da kansa. Kifin da ya ci a nan taku biyu ne tsakaninsa da gidansa, kafin ka miƙe zaune ya naɗe zaren a itace.

Ga yadda ake yi. Tun daga nesa a kashe inji, a ƙarasa da filafili. A daina buga ƙafa da jefar da kaya a cikin jirgi, don katako yana kai ƙara cikin ruwa fiye da yadda kake zato. Kifi na ganinka, mai jar koma. Sai ka duba inda ruwa ke gangarawa: jefa ɗan kara ka ga inda ya nufa, kada ka dogara da iska, domin a hunturu iska da ruwa sukan saɓa. Ku hau sama da kututturen, wato ɓangaren da ruwa ke fitowa, tazarar gaba 20 ko fiye, kuma ku ɗan karkace gefe, wajen da ruwa yake fili.

A nan za ka saki dutsen tsayawa. Igiyarsa a goshin jirgi ake ɗaure ta, ba a gefe ba, ba a baya wurin inji ba. Jirgin da aka ɗaure ta baya a ruwa mai gudu yana iya shan ruwa ya nutse. Tsawon igiyar ya ninka zurfin wurin sau uku aƙalla, in ba haka ba dutsen zai riƙa jan ƙasa, ku gangara kan kututturen ba ku sani ba. Abin da kusan kowa ke mantawa: ɗaura jarka marar komai a ƙarshen igiyar, kuma ƙullin da ke jikin jirgi ya zama zarge wanda ja ɗaya zai kwance shi. Za ka ga amfaninsa an jima.

Yanzu auna zurfi. Ɗauki wata igiya mai ƙulli a kowace gaba, da ɗan dutse a bakinta, ka saka har ta taɓa ƙasa. Mutane suna ganin wannan ɓata lokaci ne, sai su yi ta kintace. Idan zurfin gaba biyar ne, ka daidaita totonka yadda karfasar za ta yi yawo a gaba huɗu. Ta kwanta a ƙasa, za ta shige cikin ciyawa ta ɓuya, ko kurungu su dame ta. Ta yi sama da yawa kuma, giwa ba zai taso mata ba sai da duku-duku.

Sai ka saki zare a hankali, ruwa ya tafi da ita wajen kututturen, ka tsayar da ita saura gaba biyar ko shida ta isa. Kada ka ƙara ko kamu ɗaya. So kake kifin ya baro gidansa ya fito fili. Zuciya za ta riƙa ce maka matsa kaɗan, kuma matuƙi dattijo zai ce maka, "Bari ta nan, ɗana, shi zai zo." Ka ji maganarsa. In an ɗauki kamar rabin sa'a ba labari, ku ɗaga ku koma wani kututturen, ku sake duk abin nan daga farko, har da aunawa.

Idan ya ci

Toto zai fara rawa saboda karfasar ta tsorata, sannan ya nutse gaba ɗaya. Kada ka fizga. Giwa zuƙe abinci yake yi, yana buƙatar ɗan lokaci ya juya shi a baki. Ƙirga uku, bari zare ya miƙe, sannan ka ɗaga da ƙarfi sau ɗaya.

Daƙiƙun farko su ne komai. Karkatar da sandar gefe, wajen fili, ka hana shi juya kai zuwa itace. Birkin injin zarenka tun a tudu ya kamata ka daidaita shi, yadda zare zai fita da ƙyar idan an ja da hannu. Wanda ya ɗaure shi tamau zai ji ƙarar tsinkewa, wanda ya sake shi sakaka zai ga zarensa a jikin kututture. Idan kifin babba ne, matuƙi ya ja zargen nan, ya jefa jarka a ruwa, ya tuƙa ku zuwa tsakiya. Kun rabu da igiyar da kifi zai iya naɗewa a kai, dutsenku kuma yana nan inda jarka ke yawo. Mai zaren hannu kada ya kuskura ya naɗa shi a yatsa ko a wuyan hannu. Kifin da ya ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ne, kuma ko rabinsa ya isa ya yanka yatsa har ƙashi. Sa safar hannu, ko ka yanko robar tayar keke.

Zai yi tsalle ya buɗe baki yana girgiza kai. Sauke bakin sanda ƙasa, kada zare ya yi sako-sako. In ya gaji zai kwanta a gefe guda. A nan ma ana asara, domin kowa sai ya taso gefe ɗaya yana son gani. Kowa ya zauna inda yake. Mutum ɗaya ya kama leɓen ƙasa da hannu mai safa, ko ya sa babbar ƙugiya mai mariƙi, kuma a nisanci kumatun.

Sauran bayani

Ƙaramin giwa da bai kai tsawon kamu ba, cire ƙugiya ka mayar da shi, masu taru mai ƙananan ido sun riga sun yi wa irinsa ɓarna isasshiya. In ka jawo minjirya, kifin nan mai jan mutum kamar lantarki, yanke zaren kawai. Wanda za ka tafi da shi gida, ka farke cikinsa ka cire kayan ciki tun a ruwa, ka rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Masu tafiya Birnin Kebbi su tanadi ƙanƙara tun daga gari, ko su ba mata masu banda su kyafe shi a kwana. Tumbin iskar da ke cikinsa kada ka yar, akwai masu sayensa daban.

Ka ga dorina, ko ka ji hucinta, ku ba ta hanya tun daga nesa, musamman mai ɗa. Kada ka yi ta tsayuwa a ruwan gefe mai ciyawa da dodon koɗi, nan ake ɗaukar tsargiya. Hadari ya haɗu a gabas, naɗe zare ko da kifi na ci. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana zirga-zirgar jirage da dare, saboda haka ku lissafa tafiyarku yadda kiran magariba zai same ku a tudu, kuma kashi ɗaya cikin uku na man da kuka fita da shi ya zama bai taɓu ba sa'ad da kuka dawo tudu.