Komawa Gida a Lokacin Annoba: Abin da Ɗan Zariya Mazaunin Waje Zai Auna

Kiran yakan zo ne da tsakar dare saboda bambancin lokaci, ko kuma a wayi gari da saƙon murya a zauren WhatsApp na dangi: jikin Hajiya ya tsananta an kai ta asibitin koyarwa na Shika, ko an sa ranar auren ƙanwa, ko kuwa makarantar da kake karatu ce ta rufe ɗakunan kwana ta ce kowa ya kama gabansa. A kwanakin zaman lafiya, abin da ke gaban mutum bai wuce kuɗin tikiti da neman hutu a wajen aiki ba. Amma idan ana cikin annoba, wanda ke Jidda ko Alƙahira ko Landan yana buƙatar ya zauna ya yi lissafi mai tsawo kafin ya taɓa kuɗinsa, kuma mafi nauyin lissafin yana kan gidan da zai sauka da mutanen da ke cikinsa. Abin da aka gani a 2020 da 2021, lokacin korona, ya isa a gina wannan lissafi a kansa.

Ka fara da faɗa wa kanka ainihin abin da zai kai ka. Idan rasuwa aka yi, ka san a Zariya ba a jiran kowa, domin wanda ya cika da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa, saboda haka ko lafiya ƙalau ake ba za ka riski jana'iza ba. Abin da ya rage maka ta'aziyya ce da addu'a, kuma ta'aziyya ko bayan wata shida aka zo ana karɓa. Idan aure ne, waliyyi da wakili da shaidu sun wadatar, ango ma kansa ba sharaɗi ba ne ya halarta balle yayan amarya. Jinyar mahaifi ko mahaifiya ita ce mai wuyar, kuma a nan kada ka dogara da rahoton dangi kaɗai, tun da wasu za su ɓoye maka don kada hankalinka ya tashi, wasu kuma su ƙara gishiri don ka zo. Ka nemi a haɗa ka da likitan da ke duba su, ka tambaye shi kai tsaye ko ana maganar kwanaki ne ko watanni, sannan ko za a bar wanda ya sauka daga jirgi jiya ya shiga ɗakin marar lafiya. Sau da yawa amsar tambaya ta biyu ita ke warware komai. Wanda kuwa aikinsa ya ƙare, ko bizarsa ta kusa cika, ko kuɗin hayarsa ya tsaya, shi tafiya ta riga ta zama dole, abin da zai tsara kawai shi ne yadda zai yi ta ba tare da ya cutar da kowa ba.

Akwai tambayar addini, kuma a garin malamai irin Zariya za a yi maka ita ko ba ka yi wa kanka ba. Hadisin sananne ne: idan kun ji annoba ta sauka a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta sauka kuna ciki kada ku fita don gudun ta. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ga ƙaddarar Allah. Malamai sun bambanta tsakanin mai fita don gudu da mai fita don wata lalura ta gaskiya, kamar neman magani ko ƙarewar izinin zama. Ka kai wa malamin da ka amince da shi bayanin halinka cikakke, har da ɓangaren da ba ya goyon bayan abin da zuciyarka ke so.

Daga nan sai ka dubi hanyar komawa, domin nan ne aka fi yin asara. An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020 a Legas, kuma kafin a cika wata guda an rufe filin jirgin Malam Aminu Kano ga jiragen ƙasa da ƙasa ranar 21 ga Maris, aka bi da na Legas da Abuja ranar 23. Rufewar da aka ce ta wata ɗaya ce ba ta ƙare ba sai 5 ga Satumba, na Kano kuma bai koma karɓar jiragen waje ba sai cikin 2021. Wanda ya zo hutun mako biyu a tsakiyar Maris ɗin nan ya shafe kusan rabin shekara a gida, haya tana cin sa a can, aiki kuma babu tabbas. A Disambar 2021 Birtaniya ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shigowa daga cikinsu saboda nau'in korona na Omikron, sanarwar ta zo kwana biyu kacal kafin dokar ta fara aiki ranar 6 ga wata, kuma masu izinin zama da suka koma sai da kowane baligi ya biya fam 2,285 na killacewa a otal. An janye dokar ranar 15 ga watan, amma wanda ya biya ya riga ya biya.

Saboda haka ka ɗauko takardunka ka karanta su da idon wanda zai maƙale. Ranar da fasfo zai ƙare, ranar da biza ko iƙama za ta ƙare, da tsawon lokacin da doka ta yarda ka yi a waje ba tare da izinin zamanka ya faɗi ba. Mazaunin Saudiyya ya dubi wa'adin bizarsa ta fita da dawowa, mai katin zama na Amurka ya tuna cewa wuce shekara guda a waje na iya jawo masa matsala babba, ɗalibi kuma ya sami amincewar makarantarsa a rubuce, kada ya tsaya ga alkawarin baki. Sannan ka tambayi kanka ko za ka iya riƙe hayar can da hidimar nan har tsawon wata shida. Idan amsar a'a ce, kuma abin da zai kai ka biki ne, to maganar ta ƙare a nan.

Ƙa'idojin tafiya ba su da zama ɗaya, don haka abin da abokinka ya gaya maka watan jiya kada ka yi aiki da shi. Da aka buɗe filayen jiragen Nijeriya, sai da matafiyi ya nuna sakamakon gwajin korona na PCR, ya yi rajista a shafin gwamnati na matafiya, ya biya kuɗin gwaji na biyu, ya killace kansa kwana bakwai. Wa'adin gwajin farko ya yi ta sauyawa, daga awa 96 kafin tashi har ya sauko awa 48 a ƙarshen 2021, kuma a farkon 2021 ɗin an dakatar da fasfon mutum ɗari na wata shida saboda ƙin yin gwaji na biyu. Ka duba sanarwar hukumar daƙile cututtuka ta Nijeriya, NCDC, da ta ofishin jakadanci da ta kamfanin jirgi, ka sake dubawa ana gobe tafiya. Ka kula da ƙasar da za ka yada zango, ko Adis Ababa ce ko Doha ko Santambul, domin tana da nata sharuɗɗan. Tikitin da za a iya sauya masa rana ya fi mai araha, kuma yawancin inshorar tafiya sai ka karanta ƙananan rubutun kafin ka san ko ta haɗa da annoba. Kada ka sa rai da jirgin kwaso 'yan ƙasa: na farko a 2020 ya taso daga Dubai ne ranar 6 ga Mayu, fasinjojin su suka biya kuɗin kujerunsu, kuma da saukarsu aka killace su kwana 14 a otal.

Sauka a Abuja ko Legas ba isa gida ba ne. Jihar Kaduna ta shiga kulle ranar 26 ga Maris 2020, jirgin ƙasan Abuja zuwa tashar Rigasa ta Kaduna ya tsaya har ƙarshen Yuli, hana zirga-zirga tsakanin jihohi kuma ba a ɗage ta ba sai 1 ga Yuli. Ko hanya a buɗe take, wanda bai san halin jikinsa ba bai kamata ya shiga motar haya ta cunkoso daga Kawo zuwa Kwangila ba. Gara mota ɗaya da direba ɗaya, kowa da takunkumi, tagogi a buɗe, kai kana kujerar baya, kuma kada a yi tawagar tarya.

To, ga inda na fi son mai karatu ya tsaya. Cutar korona tana iya yin kwana biyu zuwa 14 a jiki kafin ta nuna kanta, galibi biyar zuwa shida, kuma mutum yana yaɗa ta kafin ya ji komai. Gwajin da ka yi kafin tashi shaida ce ta ranar da aka ɗauki samfurin kawai, ba ya cewa komai game da layin filin jirgi da sa'o'in da ka yi a zango. Waɗanda ta fi yi wa illa su ne tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, wato dai mutanen da ka taso dominsu. Tsofaffin da suka ji labarin marisuwa daga iyayensu, murar nan ta 1918, sun san ta jirgin ruwa ta sauka Legas sannan ta biyo layin dogo zuwa Arewa. Matafiya ne suka kawo ta, kuma babu wanda ya yi niyya.

Yanzu ka kawo gidanku a zuciyarka, musamman idan babban gida ne na cikin birni, a Kwarbai ko Anguwar Juma ko Kaura. Zaure ɗaya kowa ke bi, randa ɗaya da moɗa ɗaya, butoci na yawo daga hannu zuwa hannu, bayi ɗaya ga sassa biyu ko uku, samari na cin tuwo kwano guda. Kafin ka ajiye jaka labari ya zaga unguwa, masu sannu da zuwa sun cika zaure, kowa da musabaha, yara sun yanyame ka don tsaraba, da an kira salla kuma kana cikin sahu kafaɗa da kafaɗa da dattijon da ya haura tamanin. Idan daga Saudiyya kake, kofin zamzam ɗaya zai zagaye bakin mutum ashirin. A irin wannan gida killace kai magana ce kawai, don haka wurin saukarka na makon farko a shirya shi tun kana can: ɗaki mai ƙofarsa da bayinsa a gidan wani ɗan'uwa a Samaru ko Tudun Wada, ko masauki idan aljihu zai ɗauka. Abinci a ajiye a bakin ƙofa cikin kula, kwanonka da butarka naka ne kai kaɗai.

Ɗakin ma bai kai wahalar mutane ba. Ba kai za ka yi wa manya bayani ba, domin daga bakinka zai fito kamar girman kai na wanda ya sha ruwan Turai. Ka sami babba ɗaya a gidan wanda ake jin maganarsa, baffa ko babban yaya, ka fahimtar da shi tun kafin ka taso, shi zai tsare maka ƙofa. Wani ɗan baffana da ya dawo daga Malesiya a ƙarshen 2020 haka ya yi, amma duk da haka a rana ta huɗu goggonmu ta ɗauko kwanon fura ta hau Keke Napep har Samaru. Ta tsaya a bakin taga tana cewa, "Ɗan nan, yanzu ni za ka gaisar ta taga kamar mai agana?" Ya durƙusa daga ciki ya ce, "Goggo, ki gafarce ni, kwana uku ya rage, don ke nake yi." Ta ajiye furar a dokin ƙofa ta tafi tana mita, kuma ita ce ta kawo misalin da ya kamata a riƙa bai wa tsofaffi, tun da sun san yadda ake keɓe mai agana a da, ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Ka zo da ma'aunin zafin jiki da ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin, idan ta fara sauka ƙasa da 94 ko numfashi ya yi wuya a nemi likita nan take. Idan zazzaɓi ya zo, za a ce maka canjin ruwa ne ko cizon sauro. Yana iya zama maleriya ɗin da gaske, domin wanda ya daɗe a waje garkuwar da jikinsa ya saba da ita tana raguwa, saboda haka a gwada maleriya da cutar annobar duka biyun, kuma a kira waya a sanar kafin a shiga asibiti. Mai shan magani na dindindin ya taho da na aƙalla wata uku. Idan akwai rigakafi a inda kake, ka kammala shi mako biyu kafin tafiya, ka kuma tambaya ko tsofaffin gida sun yi nasu.

Idan lissafin ya nuna zama ya fi, ka sanar da iyaye da bakinka, kada su ji a wurin wani. Kuɗin tikitin nan ka karkasa shi zuwa magani da mai jinya da abincin masu zaman asibiti, ka ɗora ɗan'uwa ɗaya amintacce a kan hidimar, ka sa lokacin kiran bidiyo tsayayye, misali kullum bayan isha'i agogon gida. Sannan ka gaya musu sharaɗin da idan ya cika za ka taho, kamar buɗewar filin jirgin Kano ko kammala allurarka ta biyu, ka kuma ajiye fasfo da kuɗin gwaji da lambar direban da zai ɗauko ka wuri guda, ko da likita zai kira ya ce kwanaki suka rage.