Motar tsere da ke ajiye a ƙauye: sabis ɗinta da abin da take ci a shekara

Mai Ferrari ko Lamborghini ko McLaren da ya ajiye ta a gidansa na ƙauye, a ce wajen Ringim ko Gaya ko Kazaure, ba ya fito da ita sai da Sallah ko ɗaurin aure, yakan ɗauka tunda ba ta tafiya ba ta cin kuɗi. Nan kuskuren yake. Kamfanonin irin waɗannan motoci suna rubuta wa'adin sabis ne da fuska biyu, nisan tafiya ko lokaci, duk wanda ya riga cika. Tsarin Ferrari kilomita 20,000 ne ko shekara ɗaya. Motar da ba ta yin kilomita 1,000 a shekara ba za ta taɓa cika na farkon ba, don haka kalanda ce ke mulkinta. Roba tana bushewa, mai yana lalacewa, batir yana mutuwa, ko an tayar da ita ko ba a tayar ba.

Batir shi ke fara ba da kunya. Kwamfutocin motar suna shan wuta ko tana kashe, mako biyu zuwa uku ya isa ta ƙi tashi. Batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6, idan ya daɗe a ƙasa da 12.4 ya fara lalacewa daga ciki. Maganinsa ƙaramar cajar nan da ke daidaita kanta, wadda ake bari a jone kullum. A garin da wutar NEPA take zuwa ganin dama, a haɗa cajar da sola da inbata, ba ta cin wuta da yawa. Kada a jona batirin kai tsaye da janareta, kada kuma a ɗauko batirin tifa a tayar da ita, domin birenbos ɗin da za a ƙona ya ninka kuɗin batir sau da yawa. McLaren batirin litiyom take amfani da shi, cajarsa daban ce, kuma idan ya sauka ƙasa ƙwarai ba lallai ya farfaɗo ba.

Sabis na shekara bai da wuyar fahimta: juyen baƙin mai, filtar mai, filtar iska, filtar esi, sannan a jona kwamfutar kamfani a karanta abin da motar ta ajiye. Abin lura shi ne yawancin waɗannan motoci ba sa tara mai a ƙasan inji kamar Corolla, tanki daban gare su, kuma wuraren zubar da tsohon man sun fi ɗaya. Bakaniken da ya kwance noti ɗaya ya ce ya gama, ya bar tsohon mai a ciki. Wasu injinan suna shan lita 10 ko fiye. Ana auna man ne bayan inji ya yi zafi, yadda littafin motar ya tsara. Wanda ya auna da sanyi zai ga kamar babu, ya ƙara, ya wuce ƙa'ida, man ya bi hanyar iska ya shiga inji motar ta kama hayaƙi. Yawancin Ferrari suna amfani da Shell Helix Ultra 5W-40, amma lambar da ke littafinka ita ce hujja. Da yake jabun mai ya cika kasuwa, a saye shi wurin dilan da aka sani, ba a tebur ba.

Filtar iska kuwa ba a jira shekara a ƙasarmu. A duba ta kafin hunturu, a sake dubawa bayan ƙura ta kwanta. Lagiretocin suna can ƙasa a hanci da gefe, ƙaiƙayi da ganyen darbejiya suna taruwa a gabansu su toshe iska. A hure su da iska mai sauƙi, ba da ruwa mai ƙarfi na wankin mota ba.

Man birki duk shekara biyu, babu ciniki. Man birki nau'in DOT 4 yana tsotsar laima daga iska, damina ɗaya biyu ta isa. Ruwan da ya shiga yana cin cikin kalifa, wato abin da ke matse faifan birki, da tsatsa, kuma ranar da aka taka birki da gaske man zai tafasa, feda ta nutse ƙasa.

Taya ita ce aka fi yaudaruwa da ita, saboda zanenta yana nan sabo fil. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefenta: 2319 yana nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta kai shekara biyar zuwa shida ta taurare, musamman a inda bazara ke haura maki 40, kuma ba ta riƙe kwalta yadda motar da ke iya wuce kilomita 300 a awa take buƙata. Tsayuwa wuri ɗaya kuma yana daɓe gefen da ke ƙasa, sai a ji sitiyari yana rawa. A ƙara iska zuwa wajen bar 3 lokacin ajiya, kada a haura abin da aka rubuta a jikin tayar, a riƙa gangara motar kaɗan duk mako biyu, a mayar da iskar daidai kafin a hau titi. Mai facin bakin hanya kada ya taɓa wilin. Idan faifan birkin na kabon-siramik ne, wili ya ɗan buge shi wajen cirewa ya ɓalle gefe, sai dai sabo, kuma guda ɗaya dubban daloli ne. Wilin da ke da noti ɗaya a tsakiya, irin na wasu Porsche, ƙarfin ɗaurinsa Nm 600 ne, yana da sifanarsa ta musamman.

Babban sabis shi ne inda aljihu ke girgiza, kuma tun kafin a saya ya kamata a yi tambaya ɗaya: injin da bel yake ko da sarƙa? Ferrari F355 da 360 Modena tayimin bel gare su, na roba, wanda masana ke canzawa duk shekara uku zuwa biyar ko motar ba ta motsa ba. Idan ya tsinke fistin ya haɗu da bawul, an koma maganar gyaran inji gaba ɗaya. A F355 sai an sauke injin kafin a kai ga bel ɗin. A 360 akwai murfi a bayan kujeru da ake bi, shi ya sa aikinta ya fi sauƙi. Daga F430 aka koma sarƙa, wannan nauyin ya sauka. A masu bel, tunda an riga an buɗe, a canza boris ɗin da ke ɗaure bel, da oyil sil, a duba famfon ruwa da tiyo-tiyo. Rowa a nan biyan kuɗin aiki sau biyu ce. Masu sarƙa ma, irin Lamborghini Huracán da Aventador, suna da nasu zagayen na 'yan shekaru: filogi 10 ko 12, ruwan lagireto na kamfani, ba ruwan rijiya ba, man giya, fanbel. Ga McLaren kuma akwai ƙwallayen gas na shokozoba, waɗanda ke saki da tsufa, motar ta koma tauri kamar amalanke.

Kuɗin fa? Da yake naira ba ta tsaya wuri ɗaya ba, lissafi da dala ya fi. A Amurka da Turai sabis na shekara yakan kama daga dala 1,000 zuwa 2,500, taya huɗu wajen dala 2,000, babban sabis na F355 kuwa yakan kusanci dala 10,000. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin jirgin kaya daga Dubai ko Ingila, da kwastan, da kuɗin mai aiki. Ko dai a ɗora motar a babbar mota zuwa Abuja ko Legas, ko a biya wa ƙwararre jirgi zuwa Kano ya zo da kwamfutarsa. Na biyun ya fi ga ƙaramin sabis, amma aikin sauke inji yana son gareji mai na'urar ɗaga mota. Kasuwar Ƙofar Ruwa tana da kayan mota iri-iri, waɗannan dai ba nata ba ne. A yi oda da lambar shasi wata biyu kafin wa'adi. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba kuɗin babban sabis da na taya gida biyar, a riƙa ware kashi ɗaya duk shekara tare da kuɗin ƙaramin.

Fetur yana tsufa cikin wata uku zuwa shida, ya yi danƙo ya toshe nozul da famfon mai. Injinan suna son fetur mai oktan (lambar ingancinsa) 95 zuwa 98, man gidan mai na yau da kullum kuwa sau da yawa bai kai nan ba, balle na 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya ba. A saya a babban gidan mai da ake yawan ciniki, a zuba maganin hana fetur lalacewa kafin doguwar ajiya. Idan man ya haura wata shida a tanki, a zuƙe shi a ba janareta.

Tayar da ita minti biyar kowace safiya, wanda yaran gida ke ganin kulawa ce, cutarwa ce. Injin bai yi zafin da zai kori laima ba, sai ruwa ya taru a mai da salansa. Abin da take so shi ne tafiyar minti 30 ko fiye sau ɗaya ko biyu a wata, a kan kwalta mai kyau, har baƙin mai ya kai maki 80 zuwa 90, a kunna esi, a bi giyoyin duka, a taka birki sosai. A fara bin hanyar da wata motar don sanin ramuka da tuddan rage gudu, domin tsakanin hancinta da ƙasa bai fi santimita 10 zuwa 12 ba.

Ɗakin ajiya ya zama na siminti, mai silin, a rufe ruf, nesa da rumbu da buhunan hatsi. Ɓera yana son ɗumin inji, kuma da kaka yakan yi gida a akwatin filtar iska ya ci wayarin, gyaran da babu wanda ke iya faɗin kuɗinsa sai an bi waya ɗaya bayan ɗaya. Tarko ya fi guba, don ɓeran da ya sha guba a cikin bututun esi yake zuwa ya mutu. A toshe bakin salansa, a rataya takarda a sitiyari don kada a manta a cire. Kada a rufe ta da tampol, yana goge fenti da ƙurar da ke ƙarƙashinsa. Mayafi mai laushi na cikin ɗaki ake sawa bayan an wanke ta ta bushe. Zafin kwano yana sa fatar dashbod ta tattare, maɓallan tsofaffin Ferrari su yi danƙo a hannu. Idan hanbirek na hannu ne a sake shi, a sa katako a gaba da bayan taya, don kada birkin ya manne da faifai. Kowane rasit kuma a adana shi da kwanan wata da lambar kilomita, domin mai saye zai nemi wannan fayil ɗin kafin ya nemi makulli.