Yadda za ka kula da furotin ɗin EGFR idan ya iso lab ɗinku

Wannan na 'yan mastas da PhD ne na Samaru da Shika a ABU Zariya masu aiki kan ciwon daji, musamman wanda sufabaiza ya ce ya yi odar EGFR. Shi dai furotin ne da ke zaune a bangon ƙwayar halitta, idan wani ƙaramin furotin mai suna EGF ya maƙale masa sai ya tura saƙo ciki a rabu a hayayyafa, toh a wasu nau'in ciwon daji irin na huhu saƙon nan ba ya tsayawa. Wanda ake sayarwa kuma a lab aka ƙera shi, sau da yawa da ƙwayoyin halitta da ake rainonsu a lab irin HEK293 ko CHO.

Kafin ka zuba dala ka san ɓangaren da kake so, don furotin ɗin yana da ɓangaren da ke wajen ƙwayar da wanda ke cikinta. Maganin ciwon daji cetuximab ɓangaren waje yake kamawa, magungunan gefitinib da erlotinib kuma ɓangaren ciki suke toshewa, in ka sayi na waje kana son gwada gefitinib wallahi kuɗinka sun tafi. Na cikin yawanci a daskare ake turo shi, ni dai in ba ku da firiza mai -80 da tsayayyen janareta ko sola ba zan ba ka shawara ba. Na wajen a busasshen gari yake zuwa, shi ya fi jure tafiyar Legas zuwa Zariya.

In busasshen garin ya iso, kar ka yi zumuɗin buɗewa. Bar kwalbar ta huce daga sanyi sannan ka juya ta a sentirifuj na ɗan daƙiƙu, don garin ɗan mitsitsi ne, wani lokacin ido ma ba ya ganinsa kuma yana manne a murfi, kana buɗewa fanka ta kwashe. Duba takardar da ta zo da shi, ita za ta ce ka narkar da shi da ruwa mai tsabta ko PBS (ruwan gishirin lab), da yawa kan ce ƙarfin haɗin ya zama wajen 100 µg/mL. Zuba a hankali ta gefen kwalbar, ka bar shi kamar minti 15 zuwa 30, ka ɗan jujjuya da hannu. Dan Allah kar ka girgiza shi kamar kana dama fura, kumfa na lalata furotin.

Inda aikin yake shi ne rabawa. Furotin ba ya son a daskare a narke a sake daskarewa, mu kuma ka san halin wutarmu, ga zafin Maris da Afrilu, don haka tun ranar farko ka raba shi ƙanana a tub, kowane iya na gwaji ɗaya, in gwajinka ya yarda ka sa BSA (furotin na jinin shanu) 0.1% don kar ya manne a jikin roba, ka rubuta suna da kwanan wata da makar da ba ta gogewa, ka tura su can ƙuryar firiza ba bakin ƙofa ba inda kowa ke buɗewa. Firizar gida mai narkar da ƙanƙara da kanta ba ta yi. Wanda ka narkar ka bar shi a firij 2 zuwa 8°C ka gama da shi cikin 'yan kwanaki.

Sannan in ka yi SDS-PAGE, gwajin da ke tace furotin bisa nauyi, ka ga layin ɓangaren waje ya fito wajen 100 kDa (ma'aunin nauyin furotin) alhali lissafi ya ce kusan 70, kar hankalinka ya tashi, sukarin da ƙwayoyin suka liƙa masa ne ya ƙara nauyin.