Yadda ake zaɓen kart son mai araha, da gano inda ƙugi yake shigowa

Sau uku cikin wata guda ana kawo mini kart son, wato ƴar akwatin da ke shigar da sautin mikro cikin ordinatar, a leda ana cewa ta mutu, kuma duka ukun lafiyarsu ƙalau. Na ƙarshen ƙanen wani abokina ne daga Talladje. Ya dire ta bisa tebur ya ce: "Yaya, wannan abar ta cinye mini kuɗi, ƙugi kawai take kamar tsohon firigo." Na jona ta da ordinatar ɗina, na sa kask, tsit. Na ce ya fiddo tasa da sharjer ɗinta. Muna soka sharjer a priz ƙugin ya dawo. Zan daɗe kan maganar wuta saboda haka, amma bari mu soma daga saye.

Kafin ka tafi kasuwa ƙirga bakin da kake bukata. In muryarka kaɗai za ka ɗora kan kiɗan da aka riga aka haɗa, bakin mikro guda ya isa. In akwai gita, ko gurmi da kalangu, ko hira ta mutum biyu, sai mai baki biyu. Focusrite Scarlett Solo tana da bakin mikro ɗaya da na gita ɗaya, ita kuwa 2i2 kowane bakinta yana karɓar mikro. Ni dai shawarata mai baki biyu, ko da sai ka ƙara haƙurin wata guda kana tari, don ban taɓa ganin wanda ya sayi mai baki ɗaya bai dawo neman musanya ba. Wannan ƴar akwatin V8 mai fitilu da maɓallan tafi da dariya kuma, ka bar ta ga masu layib a TikTok. Ba don ɗaukar waƙa aka yi ta ba.

Abin da ya fi komai a kwalin ba shi ne aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. Mai sayarwa zai nuna maka 192 kHz, alhali a 48 za ka yi aikinka. Tambayi abu biyu: tana ɗaukar bit 24, wato zurfin ingancin sautin da take ɗauka? Kuma kamfanin ya yi mata nata pilot na ASIO don Windows? Pilot shi ne ɗan lojisiyel ɗin da ke haɗa kart da ordinatar, ASIO kuwa tsari ne na kamfanin Steinberg, masu lojisiyel ɗin haɗa kiɗa Cubase, da ke rage jinkirin sauti. Behringer UM2 da UMC22 suna da araha sosai, sai dai bit 16 suke, kuma da ASIO4ALL, pilot na kowa da kowa da ba kamfanin ya yi ba, ake tafiyar da su. UMC202HD ta gidan guda tana da bit 24 da nata pilot. Ɗan bambancin kuɗin da ke tsakaninsu ya cancanci a biya. Mai Mac ba ruwansa da wannan, yawancinsu yana jonawa suke tashi.

Sai mikro. Na kondansater, irin su AT2020, ba ya magana sai an danna maɓallin 48V na kart, mai ba shi wuta. Na dinamik, irin SM58, ba ya bukata. A ɗakin Yamai, inda babur ke wucewa, akuyar maƙwabta na kuka, fanka na juyawa, dinamik ne dokata, don kondansater har motsin ƙadangare bisa kwano yake kwasowa. Amma kar ka kai ga dinamik ɗin nan SM7B da ƙaramar kart: yana son gen, wato ƙarfin da kart ke ƙara wa muryar mikro, wajen desibel 60, za ka murɗe maɓalli har ƙarshe ka sami shuuu. Kuma kabul ya zama XLR, mai ƙarfe uku ɗin nan, ta kai biyu. Wanda ke zuwa cikin kwalin mikro mai araha, mai ƙaramin kai irin na kask, ajiye shi gefe.

In okaziyo za ka saya, a kasuwar Katako ko a hannun wani, tafi da ordinatar, mikro, kabul da kask naka. Murɗa gen daga ƙasa har sama a hankali kana saurare, ƙura ta kan sa shi ƙarƙar-ƙarƙar. Girgiza kan USB ka ga ko tana yankewa. Gwada 48V. In Scarlett ce, ka sani zubi na biyu ya fito a 2016, na uku a 2019, na huɗu a 2023, kuma dukansu ja ne. Daga na uku ne ake samun bakin USB-C da maɓallin Air. Wanda ya hana ka gwadawa, kar ka ba shi ko dala.

A gida, sauke pilot daga shafin kamfanin kafin ka jona, ba daga kle ɗin wani ba. Ba shi da nauyin da zai cinye maka forfe. Jona kai tsaye a jikin ordinatar, ban da ƴan akwatunan rarraba USB. A FL Studio ko Cubase zaɓi ASIO mai sunan kart ɗinka. Rage sautin bafal, jona mikro, sannan ka danna 48V. Yi waƙa da ƙarfin da za ka yi na gaske, ka daidaita gen yadda mafi ƙarfin muryar zai tsaya tsakanin desibel -12 da -6 a ma'aunin sauti. Da bit 24 babu dalilin kusantar ja.

To, ƙugi. Wutarmu volt 220 ce mai bugun 50 Hz, kuma wannan bugun ne kake ji a matsayin "hummm" mai kauri idan ya sami hanyar shiga. Ya bambanta da shuuu, wanda daga gen ne. Akwai kuma wani siririn tsiwa da ke canzawa in ka motsa surin ordinatar, shi daga cikin ordinatar yake bin USB. Rabe su da kunne tukuna.

Ni kaina na yi wata biyu ina fama. Na canza kabul sau uku, na sayar da kart ɗina ta farko a faɗuwa na sayi wata, ƙugin na nan daram. Ashe gidan hayar da nake ciki babu wayar ƙasa ko ɗaya. Priz ɗin na da ƙarfen nan na uku, amma da aka kwance shi babu abin da aka jona a bayansa. Alamar tana gabana tun farko: duk lokacin da na ɗora hannu bisa jikin ordinatar ina jin ɗan tsiri-tsiri, leɓena in ya taɓa ragar mikro sai ya ɗan cije ni. Na ɗauka haka abin yake.

Ga yadda za ka bi, abu ɗaya bayan ɗaya, kask a kunne. Cire komai daga kart, ka bar USB da kask. Akwai ƙugi? Zare sharjer, ordinatar ta koma kan batiri. In ya ɗauke, ka kama ɓarawon. In bai ɗauke ba, kashe fanka, musamman mai maɓallin rage gudu, sannan fitilun LED masu araha, sannan firigo. Daga nan maido mikro, saurara. Maido bafal, saurara. Inda ƙugin ya shigo, nan matsalar take. Kar ka cire biyu tare don gaggawa, ba za ka san wanne ne ba.

In sharjer ne, hanya mafi araha ita ce ka cika batiri, ka zare, ka ɗauki murya, ka mayar lokacin haɗa kiɗa. Kyauta ne, kuma ya dace da mu, tunda a Afrilu da Mayu wutar ma ba zama take ba. In bafal ne, jona su da ordinatar a ralanj guda, ka yi amfani da kabul mai zobe biyu a kai, TRS, maimakon mai zobe ɗaya na gita. Kar kabul ɗin mikro ya kwanta jere da na wuta. In dole su haɗu, su gitta juna. Regilater ba ya maganin ƙugi, wuta kawai yake daidaitawa, kuma tiransifo ɗin da ke cikinsa shi ma yana zubo nasa, don haka nisanta shi kamar mita guda. Mai sola ya duba konbertiser ɗinsa: masu araha ba sa fitar da wuta mai santsi, suna sa "zzzz" da babu kabul ɗin da zai gyara. Maganin dindindin shi ne mai gyaran wuta ya kafa sandar ƙasa ya kawo wayar har priz ɗin da kake aiki. A busasshen rairayi sai ya nutsa da kyau, inda akwai danshi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne karya ƙarfen ƙasa na fish don ƙugi ya tafi. Wannan ƙarfen ne tsakaninka da wuta ranar da wani abu ya ƙone a ciki.

Sauran ba su da wuya. In sauti na tas-tas, ƙara bafa, wato yawan sautin da ordinatar ke tarawa kafin ta sake shi, a saitin pilot: 128 a kan 48 kHz bai kai milisakan 3 ba, ya yi daidai da ɗaukar murya, 512 wajen milisakan 11 ne, shi ake komawa lokacin haɗawa. In kana jin muryarka a makare, danna Direct Monitor ka kashe sauraron cikin lojisiyel. Murya a kunne ɗaya, layin sitereyo ka buɗe, mayar da shi mono ka zaɓi baki na 1. Murya ta yi sauri ko ta ja, wani wuri na kan 44.1 wani na kan 48. Fitila na motsi amma babu abin da ke shiga, duba izinin mikro a Windows. Tana ɓacewa tana dawowa, canza kabul ɗin USB ka hana Windows kashe bakin don tattalin batiri. Wayar hannu kuma ajiye ta nesa da mikro. In ka gama, lulluɓe kart da tsumma mai tsabta, lokacin hunturu ƙura ba ta jin ƙofa.

Yaron Talladje ya tafi da kart ɗinsa a ledar da ya kawo ta. Da dare ya aiko mini da murya ta WhatsApp, an ɗauka kan batiri, babu ƙugi, sai dai fanka na juyawa a bayansa.