Yadda Ake Shirya Taron Farkaswa a Ikilisiya

Taron farkaswa yakan lalace ne tun kafin baƙon mai wa'azi ya iso. Saboda haka a fara shiri da mako huɗu. Fasto da dattawa su raba ikilisiya ƙungiyoyin addu'a na mutum biyar zuwa takwas, Zumuntar Mata da matasa da 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai Don Kowa duk a ciki, kowace ƙungiya ta haɗu sau biyu a mako kan Zabura 51 da 2 Tarihi 7:14.

Mako na uku na sulhu ne, kuma shi ne mafi wuya. Dattawa biyu su bi gida-gida inda ake gaba, ko rikicin gona ne, ko bashi, ko kishi a ƙungiyar mawaƙa, su zauna da kowane ɓangare don a yi sulhu kamar yadda Matiyu 5:23-24 ya umarta. In aka tsallake wannan, mutane za su yi kuka a majami'a su koma gida ba sa gaisawa.

Taron kansa, kwana uku sun isa, Juma'a zuwa Lahadi, a kauce wa lokacin shuka da girbi. Waƙa kada ta wuce minti talatin, baiko sau ɗaya tak, don yawan karɓar kuɗi yana kashe zuciyar mai neman tuba.

Duk wanda ya fito gaba don tuba, a rubuta sunansa da unguwarsa, mace ta zauna da mace, namiji da namiji. A ziyarce shi cikin kwana bakwai, sabon tuba kuma a sa shi ajin baftisma.