Yadda ake zaɓen launin tufafin da zai dace da fatar mutum

Da yawa daga cikin masu shiga Kantin Kwari a Kano, ko wata babbar kasuwar yadi, suna ɗaukar atamfa ko shadda ne domin ta yi musu kyau a rataye a shago, sai bayan tela ya gama ɗinki su tarar kayan sun dusashe musu fuska, alhali kuɗi sun fita kuma almakashi ya riga ya shiga. Abin da ya kamata a duba tun farko shi ne yadda launin yake zama kusa da fuskar wanda zai sa kayan, domin yadin da ya haska wani yana iya kashe wani ko da uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

A fara da sanin fatar kanta. Mun saba kasa mutane gida uku, fari da wankan tarwaɗa da baƙi, amma wannan rabo hasken fata ko duhunta kawai yake nunawa, wato yawan sinadarin melanin da ke cikinta. Akwai wani launi da ke kwance a ƙarƙashin wannan, kuma shi ne ya fi yanke hukunci. Za a ga baƙaƙe biyu, baƙin ɗaya yana ɗaukar ja-ja, na ɗayan yana ɗaukar shuɗi-shuɗi. Haka farare biyu, ɗaya farinta ya karkata ga rawaya, ɗayar kuma ga ruwan hoda.

Domin a gane wannan, a wanke fuska, kada a shafa hoda ko jan baki, a zauna da madubi a inuwa da hantsi, inda hasken rana yake isowa ba tare da ya doki ido ba. A samo ƙyalle biyu, ɗaya fari tas, ɗaya ruwan madara, a riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin haɓa. Kada a kalli ƙyallen, a kalli fuskar: farin ido, ƙasan ido, da gefen baki. Idan fari tas ya sa ido ya washe kuma fata ta yi sumul, to fatar tana tafiya da launuka masu sanyi, irin su shuɗi, shunayya, kore mai duhu da ruwan hanta. Idan kuwa ruwan madara ne ya fito da ita, fari tas kuma ya bayyana duhun ƙasan ido, to launuka masu ɗumi ne nata: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan zuma, jan ƙasa da koren ganye. Mata za su iya tabbatar da sakamakon da ɗan kunne, na gwal a kunne ɗaya, na azurfa a ɗaya: idan na gwal ne ya fi fito da fuskar, launuka masu ɗumi ne nata, idan na azurfa ne, masu sanyi. Ana kuma ba da shawarar duba jijiyoyin wuyan hannu, sai dai a fata mai duhu jijiyoyin ba sa fitowa sosai, saboda haka gwajin ƙyalle ya fi amfani a gare mu.

Baƙar fata ita ce aka fi zalunta da gurguwar shawara. Sau da yawa akan ce wa yarinya baƙa ta guji ja ko rawaya, wai za su ƙara fito da baƙinta, a tura ta ga ruwan ƙasa da ruwan toka. A ganina wannan kuskure ne babba, domin babu fatar da ke ɗaukar launi mai ƙarfi kamar baƙa. Farar shadda a jikin baƙin mutum ranar Sallah ta isa hujja, kuma ruwan ƙwai, ruwan goro, kore shar da shuɗin sararin samaniya duk suna zama daram a kanta. Inda ake bukatar lura shi ne launin da duhunsa ya yi daidai da na fatar, kamar makuba ko ruwan toka mai duhu wanda ba ya sheƙi, domin a nan ne fuska da riga suke haɗewa har a rasa iyakarsu, musamman da dare ko a hoto. Wannan bai hana sa launi mai duhu ba. Rinin shuni na marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, duhu ne da shi ƙwarai, haka ma rawanin ɗan Kura, amma bugun da mabuga ke yi musu yana ba su sheƙin da ke raba su da fata. Idan yadin ba shi da sheƙi, sai a ce wa mai aiki ya yi aikin wuya da farin zare ko ruwan gwal.

Wankan tarwaɗa yana karɓar launuka da yawa, haɗarinsa ɗaya ne, wato launin da ya yi kama da fatar: kaki, ruwan ƙasa mai haske, wani lokaci da ruwan zuma. A zaɓi wanda ya fi fatar duhu sosai ko ya fi ta haske sosai. Mai farar fata kuma ya yi hattara da rawaya mai haske da ruwan toka mai haske, waɗanda kan sa a ga mutum kamar wanda ya tashi daga jinya. Shuɗi mai duhu, ruwan hanta, ja da baƙi sun fi fito da shi.

Duk wannan magana ta fi shafar abin da ke kusa da fuska. Ga mace, ɗankwali da gyale ko hijabi sun fi zani tasiri nesa ba kusa ba, musamman hijabi, wanda ke zagaye fuskar gaba ɗaya ba tare da wani launi ya shiga tsakani ba, don haka shi ya fi cancantar a gwada kafin a biya. Ga namiji, hula da aikin wuya ne ke yin wannan aiki, kuma sau da yawa canza hula kawai yana gyara kaftanin da aka fid da rai da shi. Atamfa kuwa, da yake launuka uku ko huɗu take haɗawa, sai a ja da baya kamar taku biyar a duba wanne ne ya rinjaya, domin daga nesa ƙasan atamfar mutane ke gani, ƙananan furanninta ba sa isa ido.

A kasuwa, kada a gwada yadi a bayan hannu a tsaya nan, domin hannu da fuska ba lallai ne su zo ɗaya ba. Kada kuma a yarda da fitilar shago: farin ƙwan lantarki yana ƙara wa yadi shuɗi, mai rawaya kuma yana mayar da fari ya koma ruwan madara. A roƙi mai shago ya bari a fito da turmin bakin ƙofa, a warware kamar yadi ɗaya, a yafa a kafaɗa. Ɗan kasuwan da ya san sana'arsa ba zai ƙi ba. Sheƙi ma yana canza launi, shi ya sa ruwan hanta a shaddar Getzner yake fitowa dabam da ruwan hanta a yadin auduga. Masu saye ta WhatsApp ko Instagram su nemi a ɗauko musu hoton a waje, kusa da farar takarda, tun da kyamarar waya tana gyara launi da kanta.

Yanayi ma yana da nasa. Da hunturu fata tana bushewa ta yi fari-fari, kuma ruwan toka yana ƙara bayyana hakan, saboda haka a shafa man kaɗanya ko wani mai kafin a yanke wa launi hukunci. Man da ba zan taɓa ba da shawararsa ba shi ne na bilicin. Irin waɗanda ke ɗauke da sinadarin makuri ko sitiroid suna sa fata ta yi siriri ta yi dabbare-dabbare, makuri yana kuma cutar da ƙoda, sannan fuskar da ta rabu launi biyu ta fi kowace wuyar samun yadin da zai dace da ita.

Saura anko, inda wani ne ya yi zaɓin kuma zumunci bai bar wurin ƙi ba. Idan launin bai karɓi mutum ba, sai a nisanta shi da fuska: mace ta ɗaura ɗankwali ko ta yafa gyale na launin da ya dace da ita, wanda ta tsamo daga cikin zanen atamfar, ta kuma ce wa tela ya bi wuyan rigar da leshi ko wani yadi mai wannan launi, namiji kuma ya nemi hular da ta ɗauko launin aikin wuyansa maimakon launin shaddar.